Wasiƙa ga Edita: Ƙauyen almara ma sai da rijiya da rumbu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, mu wasu malaman makaranta ne da masu tsara wasan kwaikwayo a nan Tawa, kuma muna bin labaran almara da matasa ke aiko wa shafinku na adabi. Ƙoƙarinsu abin yabo ne. Sai dai akwai aibi guda da ke yawan dawowa: ƙauyukan da suke ƙirƙira ba su da gindi. Za ka ga sarki da dogarai ɗari, ga aljanu na shawagi, amma har labari ya ƙare ba ka san inda mutanen garin ke shan ruwa ba, balle abin da suke sa wa a tukunya. Wanda ya tashi a Adar da ya karanta shafi biyu ya san marubucin bai zauna ya gina garin nan ba.

Da ruwa ake farawa. Ko labarin kafuwar Daura a bakin rijiya yake: macijin Kusugu ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, shi ya sa kashe shi ya zama abin da ake ba da sarauniya a kansa. Don haka kafin marubuci ya raɗa wa jarumi suna, ya yanke shawara: garin nan a fadama yake ko a kan tudu? In a kwari ne irin na Majiya, ruwa na kusa, ana iya lambu da rani, ana noman albasa kamar mutanen Galmi, kuma masifar garin ambaliya ce da sauro. In a kan dutse ne, rijiya na iya kai gaba 25 ko fiye, gaba ɗaya kuwa ta kusa mita biyu. Irin wannan ba yarinya ce ke jan ta da hannu tana waƙa ba. Sai an ɗaura igiya ga jaki ko sa ko raƙumi, yaro ya kora shi nesa, wani a bakin rijiya ya tare wasaki ya juye.

Ga lissafi mai sauƙi. Mu ɗauka ƙauyen gida 60 ne, kowane gida mutum 8, wato mutum 480. A ba kowa lita 20 a rana, sha da girki da wanka da alwala, ya kama lita 9,600, ba a ma sa dabbobi ba. In wasaki na ɗaukar lita 40, ja 240 ke nan. In kowane ja na cin minti 3, awa 12 cur za a yi in dabba ɗaya ce ke ja. Ashe dole a riƙa ja ta ɓangare uku ko huɗu lokaci guda, dole a yi layi, dole a san gidan da ke fara ɗiba da asuba da wanda ke jira har walaha. Rigimar kishiyoyi, tsegumi, soyayya, raini tsakanin ƴan gari da baƙi, duk a layin nan suke fitowa ba tare da marubuci ya wahala ba.

To a nan ne abin al'ajabi ya kamata ya shigo, kuma doka ɗaya ta isa. Bari mu ƙago gari don misali, mu kira shi Tungar Bebiya. A rijiyarsa akwai aljana Doguwa, kuma sharaɗinta biyu ne a haɗe: ba a jan ruwa ranar Laraba, ƙarfe kuma ba ya taɓa ruwanta. Shi ke nan. Yanzu a bi sawun wannan doka gida-gida. Ranar Talata sai an ja ruwan kwana biyu, saboda haka Talata ita ce ranar wahala, ba a sa biki a cikinta, ba a gayya, jakuna na kwana da gyambo a kafaɗa. Kowane gida na bukatar randa ninki biyu, ke nan maginiyar tukwane mace ce mai faɗa a ji, kuma yawan randunan amarya shi ne ma'aunin arzikin iyayenta. Tunda ba guga na ƙarfe, majemi da baduku ba sa rasa aiki, don wasaki fata ce, in ba a shafa mata mai ba sai ta bushe ta tsage. Maƙera suna can bayan gari, kuma maƙeri ba ya zuwa bakin rijiya da kansa, matarsa ma sai ta cire zobe da warwaro. Masu yashe rijiya da bazara, lokacin da ruwa ya ja baya, ba su da damar shiga da galma; da ƙoƙo da itace suke kwashe laka, aikin yini ɗaya ya koma na mako. Kasuwar garin ba za ta ci ranar Laraba ba, don ba mai kawo dabba inda ba za ta sha ba. Makiyayin da ya iso daren Talata da shanu hamsin masu ƙishirwa, me zai yi? Ya jira su mutu, ko ya saci ja da tsakar dare? Labari ya riga ya tashi.

(Kada wani ya ce muna kiran mutane ga tsafi. Almara ce ake tsarawa, kuma kakanninmu da suka ba mu labarin Jangare, birnin aljanu, da na Gizo da Ƙoƙi, ba su fasa salla ba.)

Inda ake ɓata abin wuri biyu ne. Na farko, doka marar farashi: a ce an hana abu, jarumi ya karya, ba abin da ya faru. Dole a san tun farko me ke biyo baya, ruwa ne zai yi ɗaci kwana bakwai ko rijiya ce za ta rufta, kuma wa ke da ikon gyarawa, da me, baƙin bunsuru ko nonon farar akuya. Na biyu, aljanin da ke iya komai. In Doguwar rijiya ce ke kawo ruwan sama, ita ke warkar da makaho, ita ke kashe mahara, to mutanen garin ba su da sauran aiki, mai karatu ma ba shi da abin jira. A tsare ta a rijiyarta. Abin da ya wuce bakin rijiya da taki arba'in ba huruminta ba ne.

Sai hatsi. A ƙiyasta buhu 2 na kilo 100 ga kowane mutum a shekara. Gida mai mutum 8 zai ci buhu 16, kuma tunda buhu na ɗaukar tiya 40 ko kusa da haka, tiya 640 ke nan, kusan tiya biyu kullum. In dami na ba da tiya 6, gidan na bukatar dami ɗari da ɗoriya, ban da iri, ban da zakka ta dami ɗaya cikin goma, ban da na biki. Shi ya sa wanda ya noma dami dubu ake naɗa shi Sarkin Noma. Ba ƙaramin abu ba ne, kada a raba sarautar nan ga kowane tsoho mai hauya. A jigawa, shekarar da ta yi kyau, a ce hekta ta ba da buhu 4: gida ɗaya hekta 4, gari duka 240, in an haɗa da saura da ake bari ta huta a ninka. Ma'ana gonaki sun zagaye garin da fiye da kilomita ɗaya ta kowace fuska. Saboda haka ƙungurmin dajin da dodo ke ciki ba zai kasance a bayan dangar maigari ba. Tsakaninsa da gari akwai gonakin gandu, akwai gamanar mata da samari, akwai burtali, sa'an nan sabara da kalgo, kafin a kai inda mafarauta ke tuɓe takalmi.

Rumbu kuwa, duk wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Ƙonni ya ga manyan rumbunan ƙasa na Adar, wasu sun fi ɗakin kwana tsayi. Da rani ake gina su, zagaye bayan zagaye, ana barin kowane ya sha iska kafin a ɗora na gaba. In aka yi gaggawa cikinsa ya buɗe ya tsage. Ana ɗora gindin a kan duwatsu saboda gara da danshi, bakin yana sama, an kifa masa hular ciyawa, da tsani ake hawa a dira ciki. Gero da zangarniyarsa ake zubawa, don haka ya fi daɗewa. Wanda aka sussuke ƙwari sun fi saurin kama shi. Wake sai an cuɗa shi da toka ko rairayi. Maigida mai hankali yana liƙe rumbun gandu bayan kaka, ba ya buɗewa sai an shiga aikin damina. To marubucin da ya sa ɓarawo ya buɗe ƙofar rumbu da mabuɗi ya sunkuci buhu, bai taɓa leƙa rumbu ba.

Kalandar gari ita ce aka fi yi wa karan tsaye. A ƙasarmu ruwa daga Yuni zuwa Satumba yake. Ana sharar gona da bazara, wasu su yi binne tun ƙasa na bushe, in ruwan farko ya yi ƙaranci iri ya ruɓe a sake. Bayan shuka sai noman firi, sai maimai, gero ya nuna cikin kamar wata uku, maiwa ta biyo baya. Yunwa ba da rani take ba. A tsakiyar damina take, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabo bai nuna ba, aiki kuma ya fi nauyi. Lokacin ne ake cin tafasa da zogale, in shekara ta ɓaci a jiƙa anza kwana da kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita. Ba a yin auren ƙasaita a watan Agusta. Aure, kokowa, dambe, kiɗan ƴanmata a dandali da farin wata, duk na kaka ne, bayan an ci tumu an ɗaure dami. Daga nan samari su tafi cin rani, gari ya koma na tsofaffi da mata da yara, kuma wannan ne lokacin da ya fi dacewa wata masifa ta auka wa ƙauyen almara, don ba mai kare shi. Wani abu da ake yawan kuskurewa: gawo da damina yake zubar da ganye, da rani yake kore. Kada a zaunar da masoya a inuwar gawo ana tsakar noma.

Game da sarauta, gari mai gida 60 ba shi da fada da ganuwa mai ƙofa bakwai. Maigari ne da zaurensa, liman, Sarkin Noma, Sarkin Maƙera, mahauci, wanzami, ungozoma, maroƙi, Sarkin Samari. Abin da ya fi ba da armashi shi ne a raba iko gida biyu, kamar yadda yake a tarihin Adar da Arewa: zuri'ar waɗanda suka fara saran daji su ke da alƙawari da ƙasa, masu rawani kuma daga baya suka zo. Har yau Arnan Masalata, kusa da Ƙonni, suna buɗin daji kowace shekara su faɗi yadda suke ganin damina za ta kasance, kuma a Lugu, garin Sarauniya Mangu da ta tari sojojin Faransa a 1899, an san dutsen Tunguma da ake kai wa shari'a. A Tungar Bebiya, maigari na iya yanke hukunci a kan gona da aure, amma in wasaki ya tsinke ya faɗa rijiya, wata tsohuwa ce daga gidan farko za a je a durƙusa wa, ko da ba ta da akuya ko ɗaya.

A kuma tsayar da zamani guda. In da kuɗin wuri ake ciniki, babu agogo, babu shayi da sukari a kowane zaure. Lokaci shi ne asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru, nisa kuma tafiyar yini ne ko zango biyu. Gishiri da kanwa baƙi ne, ayari ke kawo su daga arewa, kuma isowar ayari babban labari ne a gari. Ranar kasuwa ɗaya ce a mako, ba ta karo da ta maƙwabta, kamar yadda ta Tawa ke ci Lahadi garuruwan kewaye su ɗauki sauran ranaku.

Roƙonmu, Malam Edita, shi ne duk wanda ya aiko da labari irin wannan a nemi ya haɗo da zanen garinsa a takarda ɗaya, ko da fensir ne: rijiya, masallaci, gidan maigari, maƙera, maƙabarta, burtali, da inda rana ke fitowa. A ƙasan zanen ya rubuta yawan gidaje, zurfin rijiya, ranar kasuwa, watan da labari ya fara, da dokar garin tare da abin da ke samun wanda ya karya ta. Ba sai an buga zanen ba. Mai tace labari ya ajiye shi a gefe yana dubawa, in jaruma ta fita ta ƙofar gabas da la'asar rana kuma na dukan fuskarta, a mayar wa marubuci ya gyara.

Wassalam.

Masu karatunku,
wasu malamai da masu tsara wasan kwaikwayo,
Tawa