Sanarwa: kowa ya rubuta makin da yake nema

Assalamu alaikum ƴan'uwa.

Jiya na tambayi abin da kowa ya sa a gaba, amsar kusan ɗaya ce: "Ina so in ci JAMB." Wannan fata ne kawai, bai zama buri ba tukuna. Jarrabawar JAMB, wato ta neman shiga jami'a, tambaya 180 ce cikin awa biyu: Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne, maki duka 400. Wato daƙiƙa 40 kacal kowace tambaya.

Don haka kowa ya ɗauki takarda ya rubuta: kwas kaza, jami'a kaza, maki kaza. Sannan ya raba makin kan darussa huɗun, ya ga inda yake ɗingishi. Ni tawa tana manne a bango saitin inda nake shimfiɗa darduma, na ja wa lissafi layi da jan biro, don nan nake tuntuɓe.

Abin da ya fi damuna shi ne masu cewa "ni kaina ba ya ja". Ƙanwata, kin taɓa zama da tambaya 40 kullum bayan asuba, agogo a gabanki, har wata guda? Ki gwada tukuna. Wadda kika faɗi, ki koma kanta a ranar.

A turo hoton takardun nan kafin la'asar ɗin Juma'a. Allah ya ba mu sa'a.