An sa wa Auta ƙarfen haƙora

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya sanyin can, ya maigidan da yara? Na san kina cike da ni. Saƙon muryarki na watan Agusta yana nan ban amsa ba, wanda kika yi mini tambayar atamfar bikin ƙanwarki. Bari in fara da abin da ya hana ni sukuni.

An sa wa Auta ƙarfen haƙora. Kin tuna na gabanta biyun nan da suka hau juna, har ta daina dariya sai da hannu a baki? Da hutun lekol muka kai ta Yamai. Likita ya manna ƴan ƙananan ƙarafa a kan haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ya zura siririyar waya ta cikinsu, ya ɗaure da ƴan robobi. Wayar ce ke jan haƙoran sannu a hankali har su jeru. Ya ce mu sa ran wata 18 zuwa shekara 2, kuma duk bayan sati 6 mu koma a ƙara ɗaurewa. Ke kin san hanyar daga Maradi, kilomita sama da 600, wuni guda cur a mota.

Kwana ukun farko ko burodi ba ta iya gatsa. Kunu, fura mai ruwa-ruwa, tuwo mai laushi da miyar kuɓewa, da su muka rayu. Ƙarfen ya goge mata cikin leɓe, sai ta mulmula ɗan kakin da likita ya ba mu ta liƙa a kai, ta kurkure da ruwan ɗumi da gishiri. Kafin sati ya zagayo ta ware.

Ashe babban aikin yana wajen Hajiya. Kin san ta da jikoki, ƙaunarta a bakin zane take ƙulle: aya, goruba, ƙuli-ƙuli, alawa. Ga shi kaka ta yi, aya ta cika kasuwa tunda mu ne gidan nomanta, rake da gasasshiyar masara kuwa kowace kwana sai kin gani. Duk abin da likita ya lissafa ya hana, mai tauri da mai danƙo, shi ne abin marmarinmu na Maradi. Ranar wata Juma'a Hajiya ta damƙa mata busasshiyar aya, ita kuma ba ta iya ce wa kakarta a'a. Ƙas! Ƙarfe ɗaya ya ɓalle daga haƙorin gefe yana yawo a jikin waya, bakin wayar kuma yana sukar kumatunta. Kwana biyu ta ɓoye mini, tana tauna da gefe ɗaya, don kada in yi wa Hajiya magana. Wallahi wannan ɓoyon ya fi kuɗin mota yi mini ciwo. Ɗiyar da ba ta wuce shekara 13 ba tana haɗiye zafi don ta kare tsohuwa.

Ke dai da ke aka sa wa, da tuni likita ya kore ki. Wa ya manta mai buɗe mana kwalbar lemu da haƙori a bayan aji? Har yanzu kina tauna ƙashin kaza sai ya zama gari?

Da muka koma aka sake manna ƙarfen, likita ya ce duk haƙorin da ƙarfensa ya ɓalle ya daina tafiya ke nan, wa'adin kuma sai ya ƙaru. Amma abin da ya fi tsorata ni na sha ne. Bisap (wato zoɓo), tsamiya mai sukari, lemun kwalba, in ana kurɓarsu kaɗan-kaɗan duk wuni, sukari da tsami suna maƙalewa a gefen ƙarafan suna cin fatar haƙori. Ranar da aka cire, sai a tarar da fararen tabo zagaye da inda kowane ƙarfe ya zauna, kuma ba sa gogewa. Yanzu in za ta sha, tare da abinci ne, ta bi da ruwa. Tauna ƙanƙara kuma na soke shi tun kafin bazara ta zo.

Ban yi wa Hajiya faɗa ba, ina ni ina. Ayar na jiƙa, na markaɗa da ɗan dabino, na kai mata kunun na ce ita za ta miƙa wa jikarta. Ki zo ki ga tsohuwa yanzu! Da kanta take daka ƙuli-ƙuli ya yi lilis a yi kwaɗon zogale, kilishi ma sai ta sa a turmi ya koma kamar dambu. Gwaiba ana yanka ta ƙanana, masara a ɓare ta daga totuwa a dafa, Auta ta tauna da turame. Zogalen dai yana cika wayar da kore, sai ta yi minti biyar gaban madubi da buroshi bayan kowane ci, har da ɗan ƙaramin nan mai shiga ƙarƙashin waya.

Af, kin ji maƙwabciyarmu ta Bagalam ta haihu? Tagwaye, duka mata, ranar suna har shinkafa ta kasa. Telanmu kuma ya tashi ya koma unguwar Zariya, ɗinkina biyu suna hannunsa.

Ƙananan buroshin nan su ne nake wahalar samu, kuma ba sa daɗewa suke lanƙwashewa. In akwai mai tahowa gida kafin ƙarshen shekara, don Allah ki haɗo mini ko fakiti uku, da kakin in kin gani. Jiya na hango ta tana dariya da ƙawayenta a ƙofar gida, baki buɗe, ƙarfe yana walƙiya, hannuwanta biyu riƙe da jakar lekol.

Ki gaida maigidan da yara. Hajiya na gaishe ki, ta ce har yanzu tana jiran man zafin da kika yi mata alkawari.

Taki har kullum,
Maman Auta