Baikal ta samu sabuwar ƙota

Mutumina, assalamu alaikum.

Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da 'yan biyu. Hotunan da ka turo daga shagon nan na Santambul sun iso, su ne ma suka sa na zauna rubutu, don maganar ta fi ƙarfin saƙon murya. Don Allah, don Annabi, kada ka saya wa bindigata ta farauta sifirin ɗin nan, kada ka sayi allurar da ke buga harsashi, kada ka sako wani ƙarfe na bindiga a jakarka ranar da za ka taho. Na san alheri ka nufa. To amma dokar bindiga ta ƙasar nan, wadda ake aiki da ita tun 1959, ba ta raba bindiga da sassanta ba. Ɗan ƙarfen da bai kai tsawon yatsa ba, in dai ɓangarenta ne, shigo da shi sai da izini. Ga shi daga Turkiyya za ka taso. Ka tuna 2017, da kwastan suka kama bindigogi 1,100 a tashar Tin Can ta Legas, waɗanda aka yo safararsu daga can? A buɗe jakarka a filin jirgin Malam Aminu Kano a ga allurar bindiga, wa zai tsaya sauraron labarin zabin daji? Da wane ido zan dubi Hajiya in aka riƙe ka saboda ni?

Shi kuwa madubin hangen nesan da ka ce zai yi wa bindigar kyau, kai ma dai! Zaman Santambul ya mantar da kai dawa. Bindigata Baikal mai baki ɗaya ce, lamba 12, ƙwayoyi take watsawa, aikinta bai wuce taku talatin zuwa arba'in ba. Fakara ta tashi fir daga ƙarƙashin sabara, kai kana laluben ta a cikin gilashi? Kafin ka gan ta ta kai Wudil. Wannan kayan masu raifil ne. Kai da ka saki zomo a gonar Kawu ka ce rana ce ta haske maka ido, yau kai ne mai ba da shawarar saiti.

Yanzu ga labarin da nake ɗokin ba ka. Ka san hunturun bara ya tsaga mata ƙota daidai wuya, inda hannu ke kamawa. Dogo ya ce in jefar da bindigar in sayi wata. Da wace takarda? A watan Agusta na 2023 Sufeto Janar na 'yan sanda ya ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasisi, ita kuwa wannan tana da nata, lambarta na rubuce. Kuma ba ta yi min laifin komai ba. Mai arha ce, na yarda, amma tun 1964 Rashawa ke ƙera irinta a garin Izhevsk, kuma abin da ke cikinta kaɗan ne, shi ya sa ba ta cika ba da matsala ba. Wahalarta kaya. Tun da Amurka ta sa wa kamfanin Kalashnikov takunkumi a 2014, wanda masana'antar da ke ƙera ta ke ƙarƙashinsa, shagunan Amurka suka daina samun sababbin kayanta. Na taɓa yin odar robar kafaɗa a intanet, mai shagon ya rantse ta Baikal ce, da ta zo ko ramukan sukuru ba su hau ba. Tana nan a kan wadrof.

Sai na koma wa 'yan gida. Tsohuwar ƙotar kaɗai na kai wa kafintan nan na bayan layinmu, wanda ya yi wa Inna gado, ƙarfen kuwa bai leƙa ƙofar gida ba. Muka tafi 'Yan Katako a Na'ibawa tare. Ni kirya na so, don na san ba ta jin wahala, ya ce in na yi yini ɗaya da ita a kafaɗa zan dawo in ba shi haƙuri, nauyi gare ta, ga ta da cin bakin kayan aiki. Maɗaci ya zaɓa, busasshe, wanda ya daɗe a jingine. Ka ga yadda ya riƙa juya katakon yana bin jijiyarsa da yatsa? Ya ce dole jijiyar ta miƙe ta bi ta wuyan, in ta gitta to nan za ta sake tsagewa, komai kyan itacen. Ya sa na ɗaga tsohuwar na kai kafaɗa, ya dubi inda kuncina ke sauka, ya ƙara wa sabuwar tsawo kamar faɗin yatsa biyu. Ashe gajartar ce ke sa take dukana a ƙashin kunci duk shekarun nan.

Ya so ya shafa mata banish mai ƙyalli, na ƙi. Ƙyalli yana tona mafarauci, kuma in gumi ya taɓa shi santsi yake yi. Samfefa muka bi ta da shi har ta yi sumul, sannan man linsid, a shafa kaɗan a bari ya sha, a sake. Kada ka bari wani ya ce maka man gyaɗa ma ya yi, ɗoyi yake yi daga baya. Yau launinta kamar dabino, in ka riƙe ba ka son ajiyewa. Robar kafaɗar kuwa wani shumeka a Ƙofar Wambai ya yanka min daga roba mai laushi ta tafin takalmi, ta zauna cif. Maratayi da ɗan aljihun harsashi a Kurmi aka ɗinka, jar fatar akuya, baduku ya yi mata ado da kore a gefe ba tare da na roƙa ba.

Aikin ƙarfe, wato ɗora ƙotar da duba abin da ke sa take ƙin tashi wani lokaci, mai gyara mai izini na kai wa. Ya ce allurar lafiyarta ƙalau, tsohon mai ne da ƙura suka daskare a ciki. Ya wanke, ya ɗiga sabon mai, shi ke nan. Ka ga ko sifirin ɗin ma ba a bukata. Dogo ya sake kawo tasa, wai a rage mata tsawon baki ta yi daɗin ɗauka. Mai gyaran ya ce doka ta hana rage bakin irinta ƙasa da inci 20, kuma matsin da ke tattara ƙwayoyi a can ƙarshen bakin yake, ka yanke ka lalata ta.

Af, Dogo zai ƙara aure bayan Babbar Sallah. Ƙanwar wancan mai shayin, ka gane. Uwargida ta yi yaji ta dawo, Kawu ne ya shiga tsakani. Auta kuma ya samu gurbi a Bayero, yana ta yi mana Turanci a zaure. Sarkin Bakanmu jiki ya yi nauyi, ƙafa ta hana shi fita, amma da na kai masa bindigar ya daɗe yana shafa ƙotar, ya tambayi wanda ya sassaƙa.

Na sa an ɗinka mata jakar tamfol mai kwaɗo, da aljihu a ciki na lasisi da katin ƙungiya. Tun abin da ya faru a Uromi a watan Maris na 2025, da aka kashe mafarauta 16 'yan jihar nan suna hanyar dawowa gida Sallah, ban ƙara ɗaukar ta a fili ba ko nan da Dawakin Kudu. Mun je ta'aziyya Bunkure, har yau abin bai bar zuciyata ba. Allah ya ji ƙansu. Falgore kuwa ko kusa ba ma zuwa, gandun gwamnati ne, ga halin da daji ke ciki. Gonakin Kawu sun ishe mu in an kawar da amfani.

In lallai sai ka riƙo min wani abu, takalmin dawa mai rufe idon sawu, lamba 43, da fitilar goshi mai caji. Hajiya ta ce a tuna maka man zaitun ɗinta, kuma ta ce ka kira ta ran Juma'a bayan an sauko, maganar filin Rijiyar Zaki ta taso. Ka shafa min kan 'yan biyu.

Naka,
abokinka na Ƙofar Mata