Dan Allah a riƙa faɗa wa jama'a amfanin wanke hanci da ruwan gishiri lokacin hunturu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ɗan sammin fili in yi magana kan wani abu da ke damuna duk shekara da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa. Ni mai ɗan kemis ne a cikin unguwa, ba likita ba ne, amma zaman kanti ya sa ina ganin irin abin da mutane ke zuwa nema da kuma irin abin da suke yi wa hancinsu, kuma wallahi abin yana ci min rai.

Daga Nuwamba har zuwa wajen Maris kowa ya san halin da muke ciki a Arewa. Ƙurar nan da ke tasowa daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, ita ce ke rufe mana sama har jirage su kasa sauka wani lokacin, a share ɗaki da safe kafin azahar an sake rubuta suna a kan tebur. Toh duk abin da ka gani a kan tebur ɗin nan irinsa ne ke shiga hancinka. Ga iskar a bushe ƙayau, ga hayaƙin icce da na janareto, ga turaren wuta da maganin sauro na kunnawa a ɗakin da aka toshe ko'ina saboda sanyi, ga kuma manoma da ke sussuka da casa ƙaiƙayi na tashi. Mai alaji kam, wato wanda jikinsa ba ya shiri da irin su ƙura da hayaƙi, sai dai Allah ya kawo masa sauƙi, atishawa ba ƙaƙƙautawa, ido na ruwa, hanci na ƙaiƙayi, dare ya yi ya kwana yana numfashi ta baki.

Abin da ya sa na ɗauko alƙalami shi ne, kusan duk wanda ya shigo da wannan matsala abu biyu yake tambaya, ko dai a ba shi kafso, wato antibayotik, ko kuma a ba shi maganin ɗigawa a hanci mai buɗewa nan take. In ka ce masa ya gwada ruwan gishiri sai ya kalle ka kamar ka raina masa hankali, wani ma ya ce in ba ka da maganin ka faɗa masa kawai ya tafi gaba. Kuma zai tafi gaban, kuma za a sayar masa.

Maganar kafso gajeriya ce. Yawancin mura da toshewar hanci bairos ne ke kawo su, wato irin ƙwayar cutar da kafso ba ya kashewa, alaji kuma ba ƙwayar cuta ba ce sam, don haka Ampiclox ko Amoxil ba abin da za su yi musu, sai asarar kuɗi da kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Yawanci cikin kwana 7 zuwa 10 abin ke lafawa da kansa, sai mutum ya ɗauka kafson ne ya yi aiki.

Na ɗigawar ne ya fi ba ni tsoro. Irin su Otrivin da sauran masu ɗauke da xylometazoline ko oxymetazoline, magunguna ne masu kyau in an yi amfani da su yadda aka tsara, suna matse jijiyoyin jinin da suka kumbura a cikin hanci sai hanya ta buɗe cikin 'yan mintuna. Amma fa na 'yan kwanaki ne, likitoci na cewa kar a wuce kwana 3 zuwa 5, mafi tsawo mako guda. In aka zarce, da zarar ƙarfin maganin ya sake sai hancin ya ƙara kumbura fiye da da, sai mutum ya ƙara ɗigawa, tun yana yi sau biyu a rana har ya koma kowace awa biyu ko uku. Akwai wani bawan Allah mai tuƙa Adaidaita da ke zuwa wajena, kwalba ɗaya a aljihun gaba, ɗaya a ƙarƙashin matashi, in ya tsaya a bakin kanti kafin ma ya gama sallama ya ɗaga kai ya matsa a kowane hanci, muryarsa duk ta shaƙe. Shi a ganinsa cutar ce ta yi masa katutu, bai san kwalbar ce ke riƙe da shi ba. Sai da ya ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro aka raba shi da ita a hankali, aka ɗora shi kan wani maganin fesawa daban da kuma wanke hanci da ruwan gishiri safe da yamma. Irinsa suna da yawa, mata ma haka.

Ga yadda abin yake aiki, don mutanenmu in sun gane dalili sun fi karɓar magana. A cikin ƙashin fuska akwai wasu koguna na iska, a kumatu, a goshi, a tsakanin idanu da kuma can bayan hanci, su ne ake ce wa sainos, kuma kowanne na da 'yar ƙaramar ƙofa da ke buɗewa cikin hanci. Cikin hancin da kogunan nan duka a shafe suke da majina siririya, a ƙarƙashinta kuma akwai wasu ƙananan gashi da ido ba ya gani da ke ta tura majinar baya zuwa maƙogwaro tare da duk dattin da ta kama. In iska ta bushe ƙura ta yi yawa sai majinar ta yi kauri ta daskare, gashin nan su kasa tura ta, ƙofofin su toshe, daga nan ne ciwon goshi da nauyin fuska ke farawa, musamman in mutum ya sunkuya ko ya yi sujada. Ruwan gishirin ba wani siddabaru yake yi ba, yana jiƙa wurin ne, ya tsinka majinar, ya kwashe ƙurar da sauran abin da ke tayar da alajin ya fito da su waje, kamar dai yadda ake yayyafa ruwa a tsakar gida kafin a yi shara. Ba ya sa barci irin na Piriton, ba ya kama mutum ya zame masa jaraba, mai juna biyu ma tana iya yi.

Me ya sa sai da gishiri, ba ruwa zalla ba? Saboda ruwan jikin ɗan Adam shi ma da gishirinsa, kusan giram 9 a kowace lita, wato kashi 0.9 cikin ɗari. Ruwa zalla in ya shiga can cikin hanci raɗaɗi yake yi, duk wanda ya taɓa shaƙar ruwa a rafi ya san wannan. In kuma gishirin ya yi yawa nan ma zafi da ƙuna. Don haka awo yana da muhimmanci, ba a yi da ka.

Awon da sauƙi. A samu ruwa rabin lita, daidai cikin ledar fiya wata guda ke nan, a tafasa shi ya yi minti 3 zuwa 5 yana tafasa, a sauke a rufe ya huce har ya zama ɗumi-ɗumi. A zuba gishiri mai tsabta ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, ba a tule ba, sai a ƙara rabin cokali na bakin soda irin wadda ake sa wa a kek don ta rage raɗaɗi. In an samu gishirin da ba shi da ayodin ya fi laushi a hanci. Dan Allah kar wani ya ce bari ya sa kanwa a madadin sodar, ba abu ɗaya ba ne, kanwa na da ƙasa da datti kuma ba ka san ƙarfinta ba. Wanda ba ya son wahalar haɗawa sai ya sayi na kemis, akwai na fesawa akwai na ɗigawa, akwai kuma ruwan nan na ƙarin ruwa mai rubutun 0.9% sodium chloride, sai dai a duba da kyau kar a ɗauko mai sukari.

Wajen wankewar, sirinji babba mai cin mil 20 ta isa, a cire allurar a yar, ko kwalbar matsawa da aka yi don haka. Ka sunkuya a kan baho, ka ɗan karkata kai gefe, ka buɗe baki kana numfashi ta nan, sai ka tura ruwan a hankali ta hancin da ke sama, zai zagaya ya fito ta ɗayan, wani ya ɗan biyo ta baki ka tofar. Ka juya ka yi wa ɗayan. In ka gama ka fyace a hankali, kar ka matse hanci ka busa da ƙarfi don ruwan na iya tafiya kunne. Ranar farko za ka ji abin wani iri, daga baya kuwa in ka ga irin jan dattin da ke fitowa bayan ka dawo daga kasuwa ba sai an ƙara tuna maka ba. Sau ɗaya ko biyu a rana ya wadatar. Wanda likita ya rubuta wa maganin fesawa na alaji, ya fara wankewa tukuna ya ɗan jira sannan ya fesa, in ya fesa kafin wankewa ya wanke maganinsa ke nan.

Yanzu ga inda nake so Edita ya ja layi da jan biro, maganar ruwan da za a yi amfani da shi. Ruwan rijiya, na bohol, na 'yan garuwa, na famfo, kai har fiya watan ma, a tafasa kafin a tura shi cikin hanci. Akwai wata ƙwayar halitta da ake kira Naegleria fowleri da ke rayuwa cikin ruwa mai ɗumi kamar na kududdufi da tankin da ba a wankewa, in ka sha ta ba ta yi maka komai, amma in ta shiga can saman hanci tana iya bi ta kai ƙwaƙwalwa, kuma kusan duk wanda ta kama ba ya tashi. A 2011 mutum biyu sun rasu a jihar Louisiana ta Amurka bayan sun wanke hanci da ruwan famfon da ba a tafasa ba. A Karachi ta Pakistan an sha samun mace-mace daga wannan ƙwaya saboda ruwan da ba a sa masa isasshen kulorin ba. Kar kuma a ce abin na can nesa ne, tun wajen 1980 likitoci a Zariya suka ba da rahoton samun wannan cuta a nan ƙasar. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, ban faɗa don in tsorata kowa ba, amma tunda tafasa ruwa ba ya cin komai me zai sa a yi ganganci. Abin da aka haɗa in ya kwana ya wuce awa 24 a zubar a sake sabo, sirinjin kuma a wanke ta a shanya ta bushe, kowa da tasa, ba a karɓa-karɓa ko tsakanin miji da mata.

Na san wani zai ce ai mu Musulmi kullum muna shaƙa ruwa mu fyace a alwala. Gaskiya ne kuma alheri ne babba, yana rage ƙurar da ke bakin hanci, shi ya sa ma nake ganin wannan abu ba zai yi wa mutanenmu wuyar karɓa ba. Sai dai ruwan alwala ba ya kaiwa inda na sirinji ke kaiwa, kuma a wannan iska mai tsananin bushewa ruwan sanyi zalla ba ya tsinka majina kamar mai gishiri. Mai azumi kuma ya bari sai bayan shan ruwa ko kafin sahur, tunda hadisi ya ce a kai matuƙa wajen shaƙa ruwa sai dai in mutum na azumi.

Iyaye mata, jarirai ba a yi musu da sirinji. Na ɗigawa na ruwan gishiri ake saya, ɗigo ɗaya ko biyu a kowane hanci kafin a ba da nono, sai yaro ya samu ya tsotsa cikin sauƙi. A daina cusa musu man zafi ko tafarnuwa a hanci, fatar wurin ba ta da ƙwari ko kaɗan, a manya ma haka, ga haɓo da ke yawa a wannan lokaci saboda bushewa. Wanda kunnensa ke ciwo, ko hancinsa ya toshe gam ruwa ba ya wucewa, ko aka yi wa aiki a hanci kwanan nan, ya tambayi likita kafin ya fara.

Kuma ruwan gishiri ba ya maye gurbin asibiti. In abin ya wuce kwana 10 ba sauƙi, ko ya fara sauƙi sannan ya dawo da ƙarfi, ko ido ya kumbura, ko majina mai wari na fita ta hanci ɗaya musamman ga yaro wanda wataƙila ya cusa wani abu ne, a je a ga likita. In kuwa akwai zazzaɓi mai zafi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya to a garzaya a daren, domin lokacin ƙura da rani shi ne lokacin sanƙarau a yankinmu.

Roƙona ga wannan jarida shi ne ku gayyato likitan hanci ko ƙwararren mai haɗa magunguna ya yi cikakken bayani a shafinku na lafiya tun kafin hazo ya sauka, har da hoton yadda ake karkata kai da awon cokalin, gidajen rediyonmu su ma su ɗauka don waɗanda ba sa karatu. 'Yan uwana masu kemis kuma mu ji tsoron Allah, duk wanda muka miƙa wa maganin ɗigawa mai buɗe hanci mu faɗa masa kwana nawa zai yi ya ajiye, in kuma muka ga mutum ya dawo sayen kwalba ta uku mu zaunar da shi mu yi masa bayani mu tura shi asibiti.

Na gode da wannan fili.

Mai karanta jaridarku,
daga Zariya, jihar Kaduna.