Wasiƙa daga Pittsburgh a kan Rasuwar Surukina

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da Hajiya. Yaya Kaduna? Saƙon ta'aziyyarka ya iso, na karanta wa maiɗakina, ta ce in yi maka godiya ƙwarai. Ka tambaye ni wane irin mutum ne surukin nan nawa da nake yawan ambata, amsar kuwa ta fi ƙarfin saƙon waya.

An haife shi a wani ƙauye kusa da birnin Prešov, a gabashin Sulobakiya, lokacin tana ƙasa ɗaya da Cek. Da 'yan gurguzu suka karɓe mulki a 1948 sai ya tsallake iyaka yana saurayi, ya zauna a sansanin 'yan gudun hijira a Jamus, daga bisani ya samu shigowa Amurka ya sauka a hannun kawunsa. Mutanensu sun daɗe a nan. Daga wajejen 1880 zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya kimanin rabin miliyan daga cikinsu suka ƙetaro teku, akasarinsu suka yada zango a jihar Pennsylvania, wasu a ramukan kwal, wasu a masana'antun ƙarfe da suka jeru a bakin kogin Monongahela. A ɗaya daga cikin masana'antun nan kawun ya sama masa aikin lebura a gaban tanderun narka ƙarfe, bai iya Turanci ko na gaisuwa ba.

Wannan rashin bakin bai taɓa mantawa da shi ba. Ya ce idan mai kula da aiki ya daka masa tsawa, sai dai ya dubi hannun mutumin ya ƙiyasta abin da ake so. An taɓa zaftare masa lada ya rasa yadda zai yi ƙorafi, har sai da wakilin ƙungiyar ƙwadago ya ja shi ofis ya yi magana a madadinsa. Daga ranar ya shiga makarantar dare, kuma kafin a daɗe shi kansa ya zama wakilin ma'aikatan sashensu. Kundin yarjejeniyar ƙungiya da kamfani kullum yana aljihunsa, ya san shi sakin layi bayan sakin layi. Mutum mai shiru ne a gida, amma abokan aikinsa sun ce in ya tsaya wa wani a gaban manaja ba ya tashi sai an biya haƙƙi.

Kawunsa ne ya cusa masa son ƙungiya, domin shi ya ga zamanin da ake aikin awa 12 a rana, kuma ranar juyin aiki daga rana zuwa dare mutum ya yi awa 24 a tsaye. Ya ga yadda aka murƙushe babban yajin aikin 1919. Sai a 1937 kamfanin U.S. Steel ya amince ya zauna da ƙungiyar ma'aikata, a 1942 kuma aka kafa United Steelworkers, babbar ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe. Don haka surukina bai taɓa ɗaukar hutun ƙarshen mako da fansho da kuɗin asibiti a matsayin kyauta ba, ya san da ƙyar aka ƙwato su.

Labarin da ya fi maimaita mini shi ne yajin aikin 1959. Ma'aikata kusan rabin miliyan suka ajiye aiki kwana 116. Rigimar ba ta albashi kaɗai ba ce: kamfanoni sun so a cire sharaɗin da ya hana su rage yawan mutanen da ke kan aiki ɗaya yadda suka ga dama. Shi a wurinsa zancen rai ne, don in mutum huɗu suka ɗauki aikin shida a gaban narkakken ƙarfe, wani zai ƙone. A watannin nan kabeji da dankalin bayan gida suka riƙe su, matarsa tana wankau a gidajen mutane, mai kanti yana rubuta bashi. Shugaba Eisenhower ya nemi kotu ta mayar da su aiki, Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Nuwamba, amma da aka sa hannu a yarjejeniya a farkon 1960 sharaɗin yana nan daram.

Abin da ya sa na ƙara girmama shi, bai ɓoye laifin ƙungiyarsu ba. Shi da bakinsa ya faɗa mini an daɗe ana danne baƙaƙen fata a sassan da suka fi zafi da ƙazanta, ba su da hanyar ƙarin girma, ƙungiya tana gani, har sai da hukuma ta shiga maganar a 1974. Ya faɗa mini wannan tun ina neman auren 'yarsa, yana duban idona.

Daga baya masana'antun suka riƙa rufewa, ta Duquesne a 1984, ta Homestead a 1986. Kai da ka tashi a Kakuri ka ga yadda unguwa ke mutuwa bayan masaƙu sun yi shiru, ba sai na kwatanta maka ba. Ya yi ritaya kunnensa ɗaya ba ya ji, ya ƙare ƙarfinsa yana cika wa tsofaffin abokan aiki da matan da mazajensu suka rasu takardun fansho a teburin cin abincinsa.

Ni da na zo da kunyar surukuta irin tamu, shi ya hana ni zama nesa da shi. Kirista ne mai riƙo da cocinsa, amma bai taɓa tsallake lokacin sallata da wata hidima ba. A daren jajibirin Kirsimeti al'adarsu ba a cin nama, sai miyar naman kaza, wato tsiron nan mai kama da laima, da kifi da siririn burodi da zuma, yana murna wai yau ba abin da zan ɗauke hannu a kai. Jikokinsa suna gaishe shi da harshensa, su juyo su gaishe ni da Hausa.

Ranar jana'iza tsofaffin 'yan ƙungiya suka cika cocin, wasu da sanda, wasu a keken guragu. Maiɗakina tana so mu kai yara ƙauyensu da bazara, domin ƙanwarsa tana raye a can. In hakan ta yiwu, zuwanmu gida sai ƙarshen shekara. Ka sa mu a addu'a, Allah ya ba ta haƙuri. Ka gaishe da Hajiya da yara.

Naka har kullum,
amininka na Pittsburgh