Sauya Saitin Ukulele Domin Kiɗan Rawar Ailan Ba Cin Fuskar Al'ada Ba Ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai albarka, domin in tofa albarkacin bakina kan wata magana da na sha ji daga masu sha'awar kiɗan gargajiyar ƙasar Ailan. Suna cewa wai duk wanda ya sauya saitin tsarkiyoyin ukulele don ya kaɗa taken rawar mutanen wannan ƙasa, ya ci fuskar al'adarsu kuma ya ɓata abin kiɗan. Na daɗe ina wannan kiɗa, kuma a ganina tarihin kiɗan Ailan ɗin kansa bai goyi bayan wannan magana ba.

Ukulele ƙaramin abin kiɗa ne mai tsarkiya huɗu, wanda ya samo asali a Hawai daga kayan kiɗan da baƙi 'yan tsibirin Madera na ƙasar Fotugal suka kai can a 1879. Saitin da aka saba yi masa shi ne G, C, E, A (haruffan da ake kiran sautukan kiɗa da su), kuma an tsara shi ne domin a shafi tsarkiyoyin gaba ɗaya a raka mai waƙa. Taken rawar Ailan kuwa ba rakiya ba ne, sauti ne ɗaya bayan ɗaya da ke gudu ba tsayawa, kuma yawancinsa yana kai-komo ne tsakanin D na ƙasa, wanda shi ne sauti mafi kauri a sarewarsu, da B na can sama. A saitin da aka saba, wannan B yana gaɓa ta 14 a wuyan ukulele (gaɓa ita ce wurin da ake danna tsarkiya don sauya sauti), alhali ƙananan ukulele da yawa gaɓa 12 kawai gare su. Ko da gaɓar tana nan, dole hannu ya yi ta hawa da sauka a tsakiyar kiɗa mai sauri, kuma a nan ne bugun rawa yake kuɓucewa.

Idan aka mayar da saitin G, D, A, E, irin na gogen Turawa da mandolin, sai matsalar ta kau. B ɗin nan ya dawo gaɓa ta 7, inda ɗan ƙaramin yatsa zai kai ba tare da hannu ya bar wurinsa ba. Sautukan D da A da E, waɗanda take da yawa suke jingina a kansu, sun zama tsarkiyoyi a sake, suna amo ba sai an danne su ba. Abin da ya fi burge ni shi ne tsawon tsarkiyar ƙaramar ukulele, kimanin santimita 33, kusan daidai yake da na goge, saboda haka yatsun da suka koyi take a kan ɗaya sun riga sun san hanyarsa a kan ɗayan. Sai dai ina jan hankalin mai son gwadawa cewa murɗa maɗauri kawai ba ya wadatarwa. Daga A zuwa E tazarar gaɓa bakwai ce, kuma tsarkiyar da aka ja haka tsinkewa za ta yi, ko ta cutar da jikin abin kiɗan. Dole a sayi tsarkiyoyin da aka yi musamman domin wannan saiti, siririya sosai ga E, mai kauri ga G.

Amma fa masu sukar sun manta da yadda kayan kiɗan da suke alfahari da su a yau suka shiga al'adar. Banjo daga Amurka ya zo, kuma makaɗin Ailan Barney McKenna ne ya yaɗa saita shi a G, D, A, E cikin shekarun 1960, har wannan saiti ya zama shi ne aka sani a Ailan. Buzuki, wani abin kiɗa mai tsarkiya da dogon wuya, na ƙasar Girka ne, makaɗi Johnny Moynihan ya shigo da shi a cikin waɗannan shekarun, daga baya Andy Irvine da Dónal Lunny suka rungume shi, aka sauya masa saiti da siffa, yau kuma ana kiransa buzukin Ailan ba tare da kowa ya ɗaga gira ba. Shi kansa taken bai taɓa zama mallakar abin kiɗa ɗaya ba. Lokacin da Francis O'Neill, ɗan yankin Kok na Ailan da ya shugabanci 'yan sandan Shikago, ya wallafa take 1,850 a 1903, layin sauti ya rubuta, wanda mai goge da mai sarewa da mai busa ta salka duk za su iya ɗauka.

Duk da haka, akwai inda nake ba masu sukar gaskiya. Muryar ukulele ba ta da ƙarfi, kuma amon tsarkiyar roba yana mutuwa da wuri, don haka a zaman kiɗa inda goge uku da akodiyon suka haɗu, da wuya a ji ta. Adon da mai goge yake yi ta hanyar murza sauti guda ya fito da biyar, ba ya fita da kyau a kanta. Abin da ya dace da ita shi ne dabarar masu banjo, wato a tsinke sauti sau uku da sauri a gurbin biyu, kuma wannan yana bukatar watanni na horar da hannun dama.

Babban abin da nake tsoro ma ba saitin ba ne, kunne ne. Cikin nau'o'in taken rawarsu, ril yana tafiya da bugu huɗu, jig yana da sautuka shida da aka kasa uku-uku, folkar yankin Kok da Keri kuma tana da nata tsalle. Kowane take yawanci sashe biyu ne, ana maimaita kowanne sau biyu, kuma an gina shi ne domin ƙafar mai rawa. Wanda ya haddace lambobin gaɓoɓi daga takarda bai taɓa zama ya saurari tsofaffin makaɗa ba, zai fitar da sautukan daidai amma babu mai iya taka rawa da su, ko da goge mafi tsada yake riƙe da shi.

Ina roƙon malaman da ke koyar da wannan kiɗa, ciki har da rassan ƙungiyar Comhaltas da aka kafa a 1951 domin raya shi, su karɓi ɗalibin da ya zo musu da ukulele a hannu, su gyara masa saitin, su fara shi da jig guda a hankali, su kuma sa shi ya rera taken da baki kafin ya taɓa tsarkiya.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku