Ku tambayi tsofaffinku kafin ku tsara taron zumunci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da masu shirya taron zumunci na dangi, saboda wani abu da ya faru a gidanmu kwanan baya ya tsaya mini a rai.

Shekara 11 ke nan zuriyar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, muna haɗuwa bayan Babbar Sallah a babban gida da ke Rafindaɗi, nan cikin Katsina. Da 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne mun kai mutum 63. Kusan rabinmu a Legas suke, Agege da Idi-Araba, domin Baba fataucin goro ya yi, can ya kafa gida na biyu, can kuma ajali ya same shi a 1983 aka binne shi a Agege. Duk shekara su ne ke ɗauko hanya, fiye da kilomita 1,000, da yara da kaya. Mu namu shimfiɗa tabarmi ne da dafa tuwo.

Bana ɗiyar ƙanena ta kawo shawara a zauren WhatsApp na gida, cewa wannan karon mu ma mu taka, a yi taron a can, a keɓe yini guda a tsallaka Tarkwa Bay, wani gaɓar teku da ke bakin mashigar jiragen ruwan Legas wanda ba a isa gare shi sai a jirgin ruwa. Ni na fara cewa a'a. Inna shekararta 84, ga ciwon gwiwa, ga hawan jini. Kowa ya ce gaskiya ne, aka rufe zancen, kuma babu wanda ya je ya faɗa mata an ma yi shi.

A bakin jikar da ke kai mata fura ta ji. Bayan isha'i ta aika a kira ni. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana, kuma ba kasafai take doguwar magana da ni ba. Na tarar ta buɗe tsohuwar adakarta, ta fito da wani ƙulli a cikin ɗankwali. Ɓawon katantanwar teku ne, fari, bakinsa ya ɗan gutsure. Ta ce Malam, wato Baba, shi ya kawo mata daga Ikko shekarar da aka yaye ni, ya ce ta kara a kunne za ta ji kukan ruwan. Ta ce ya sha ba ta labarin ruwan da ba a hango ɗaya gaɓarsa, ita kuwa mafi girman ruwan da ta taɓa gani shi ne madatsar Ajiwa. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba: "Kai wannan, kun ce ba zan iya ba. Wa ya zo ya tambaye ni? Garin da yake kwance ban taɓa taka shi ba."

Edita, na kasa amsawa. Tausayi ne ya sa muka yanke mata hukunci, amma hukuncin ya yi mata ciwo fiye da gwiwar. Abu ɗaya ta nemi sani, ko ruwan gishiri yana alwala. Na gaya mata Manzon Allah (SAW) ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Ta ce to shi ke nan.

Tun daga ranar tsarin ya juya, komai da ita ake auna shi, da kuma ƙaramin cikinmu mai shekara biyu. Lokaci muka fara dubawa. Yuni da Yuli ruwan sama ba ya ɗagawa a Legas, a Agusta kuma manomanmu suna gona, teku ma ba ta kwanciya. Muka tsayar da hutun Disamba bayan an kai amfani gida, amma a gama kafin makon Kirsimeti, lokacin da kuɗin mota da na masauki ke tashi. Inna da gwaggonninmu biyu za su bi jirgin sama da kuɗin karo-karon da muke tarawa duk wata, saura kuma motoci biyu, a kwana a hanya, ba tafiyar dare. A zamaninsa, Baba sai ya je Kano ko Funtuwa kafin ya hau jirgin ƙasa. Ina fatan layin Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda zai ratsa Daura da Katsina, ya sauƙaƙa wa jikokinmu irin wannan tafiya.

Ban yarda da hotunan waya ba, na je da kaina tare da ƙanena. A nan ne nake son masu irin wannan niyya su saurara da kyau. Mai jirgin da muka fara samu ya miƙo mana rigunan kariya daga nutsewa, biyu igiyarsu ta tsinke, kuma babu ko ɗaya ta yara. Da na yi magana sai ya ce tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Ban hau ba. Mu da ba mu manta da ɗaliban Islamiyyar da suka nutse a Ɓagwai a 2021 ba, ba za a gaya mana ruwa yana da kusa ba. Mun sami wani wanda ya yarda a yi sawu uku maimakon a cusa mu a biyu, rigunan yara kuwa mu za mu saya, kowane yaro a gwada masa tasa tun a gida. Na ƙirga matakalar sauka jirgin, na taɓa ta da hannu na ji santsinta, na san sai samari biyu sun ɗauki Inna a kujera. A can kuma babu inuwar kirki sai an yi hayar rumfa, ruwan sha sai an tafi da shi, kuma ranar Asabar da Lahadi wurin na masu kiɗa ne, da shigar da ba za ka so tsohuwarka ta gani ba. Talata da safe za mu je, mu yi azahar a can, kafin la'asar kowa ya dawo tudu. An ba kowace babbar jika yara uku ta riƙe, domin igiyar ruwa tana janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafar mutum yana tsaye. Ni kaina na ji hakan, ruwa bai wuce idon sawuna ba.

Har yanzu Kawu bai sauko ba. Yana cewa taron gida a gida ake yinsa, kuma ba a kai tsohuwa bakin ruwa. Ina girmama maganarsa, da dalilinsa. Na dai roƙe shi abu guda, ya je ɗakin 'yar'uwarsa ya faɗa mata da bakinsa, ya ji amsarta. Ya ce zai shiga ranar Juma'a in an sauko daga masallaci. Ita kuwa tuni ta ba tela atamfarta, ta kuma aika wa abokiyar zamanta ta Agege, wadda rabonsu da ganin juna tun sadakar arba'in ɗin Baba, cewa ta gyara mata shimfiɗa a ɗakinta, ba za ta kwana a otal ba.

Naka,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Rafindaɗi, Katsina.